Ranar da Inna Ta Ɗauki Sungumi

Duk sanda na buɗe baki a taro kan haƙƙin mata, sai an samu mai cewa wai a littafin Turawa na tsinto. Haba! Ni a gonarmu ta wajen Kunci na gani, ina 'yar mitsitsiya.

Shekarar da ta biyo bayan fari ce. Mun ci tafasa da rama har mun gaji, amma irin gero yana nan cikin tulu, Inna ta liƙe bakinsa da taɓo, wanda ya matsa kusa ya sha dundu. Ranar da ruwan shuka ya sauka, Baba na kwance, kurkunu ya kumbura masa ƙafa. Maƙwabta kowa ya ruga gonarsa. In ƙasa ta bushe ba mu shuka ba, wata yunwar ce ke jiranmu.

A ƙauyenmu namiji ke sara da sungumi, yara su bi suna jefa iri. Matar aure ko gona ba ta zuwa. Inna ta dubi Baba ta ce, "Malam, a ba ni izini."

"Bakin mutane fa?"

"Su za su ciyar da mu?"

Sai ya miƙa mata malafarsa saboda rana.

Ta kifa ta a kan mayafi, ta ci ɗamara. Wayyo, layin farko! Ya karkace kamar sawun maciji. Ni da yayata muna biye muna rufe iri da diddige, dariya har da riƙe ciki. Kafin hantsi hannunta ya faɗa.

Sai ga Baffa, wan Baba, a kan jaki. Ya hango malafa ya ɗaga murya, "A'a, ka warke ke nan? Sannu da aiki!" Inna ta ɗago. Saura kaɗan ya rikito. "Subhanallahi! Mace da sungumi? Wannan gero ba zai yi albarka ba!"

Inna ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "To Yaya, karɓi ka sare mana." Ya tuna tasa gonar na jira, ya zunguri jakinsa ya yi gaba.

Shi kuwa gero bai tambayi wa ya shuka shi ba, ya fito abinsa.

Da kaka aka cika rumbu. A al'adarmu mace ba ta leƙa rumbu, maigida ke hawa ya ɗebo mata. Baba ya ɗingiso ya jingina tsani, a gaban Baffa ya ce wa Inna, "Hau ki ga aikinki."

Ta hau, ta daɗe kanta a ciki. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Ta sauko tana dariya tana share ido da gefen zane, ta ce da mu, "Ku ɗora babbar tukunya. Yau kowa zai yi ƙari."