Igiyar Kaka Hure

Ɗiyata ce ta kawo mini littafin daga jami'a. Wani bature ne ya ba da labarin yadda ƙanƙara ta rufta musu a kan wani dogon dutse. Abokansa suka mutu, shi ya tsira don wani ya riƙe igiyarsa har fatar hannunsa ta saluɓe. Ina kaiwa nan na rufe littafin, Kaka Hure ta faɗo mini a rai.

A gidanmu na Ƙofar Durbi, in an idar da isha'i, mukan kewaye murhunta tana gasa mana dankali. Tafin hannunta sumul yake, ba zane ko ɗaya, lalle ma ba ya kama shi. Mukan tsokane ta wai sabulu ya cinye.

"Ja'irai! Ku matso, ga wata tatsuniya nan tafe."

Wai wani mai haƙar rijiya ne. A sana'arsu ba a ɗaure igiya a icce, mutum ke riƙewa don ya ji motsin na ciki. Ran nan amaryarsa ta kai masa fura, abokin aikinsa ya ce ta riƙe masa igiyar ya yi alwala. Mijin yana cikin hawowa ƙasa ta zabtare, ya yi reto a igiya. Igiyar kaba ta shiga zarewa tana cin namanta. Ta tokare ƙafa da bakin rijiya, tana ihu har maƙwabta suka iso.

"Kaka, ba ta saki ba?"

"Ta saki ta ce ma mutane mi? Mijinta ne fa!"

Mu kuwa muka yi ta ƙorafi, wannan wace irin tatsuniya ce, ba kura ba aljani? Sai ta yi dariya ta juya dankali.

Washegarin da na rufe littafin na tafi Gobarau wurin Goggo Talatu, ƙanwar babana, na tambaye ta abin da ya sami tafin hannun Kaka.

"Kai, Sani, sai yau ka gane? Ai da cikin ubanka ta riƙe igiyar nan."

Wallahi ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba. Na dawo na miƙa wa ɗiyata littafinta.

"Baba, ya burge ka?"

"Ƙwarai kuwa. Amma zauna ki ji. Ni da ke, da hannun Kaka Hure aka jawo mu daga rijiya."