Haƙorin da Yazid Ya Tafi da Shi

Ɗana Yazid, tun yana yaro a Nahuce, bai ganin abu ya ƙyale sai ya binciki cikinsa. Yau yana ƙasar waje, yana aiki da na'ura mai ƙaton maganaɗisu, wai tana gano abin da ya ɓuya cikin jini da ƙashi. Da ya zo gida haƙorina ya faɗi, ya nace sai na ba shi ya auna. Ni kuwa abin da Allah ya halitta a jikina, ƙasa zan mayar wa. Na binne nawa, na ƙunsa masa na akuya. Da ya koma, sai ya bugo waya: "Inna, na'ura ta ce lafiyarki lau, amma ki rage cin ciyawa."