Keken da Na Hana Durƙusawa

Tashi daga Zaitawa

Ranar Asabar ana idar da sallar asuba na janyo kekena waje, ƙarfe biyar da rabi daidai. Sunana Sabo, tela ne ni, shekara talatin da ɗoriya ina duƙe a kan ɗinki har bayana ya fara ƙorafi. Likita ya ce in riƙa motsa jiki, shi ne na sayi keken hawan duwatsu na gwanjo, mai shokozoba gaba da baya, na bi sahun abokina Ɗanlami mai gyaran babur, wanda ya daɗe da kamuwa da wannan hauka.

Maimakon sauƙi, duk fitar da na yi sai in dawo ina dafa bango. Ta ƙarshe ma kwana uku na yi ina sallah a zaune. Don haka maiɗakina, Hajiya Rabi, ta rako ni har zaure ta ce, "Malam, Allah ya kiyaye hanya. Amma mun yi magana. In ka dawo da ciwon nan, keken ya bar gidan nan."

Na ce na ji. Raina ya sosu ƙwarai, don rabon da in sami abin da ke faranta mini rai kamar keken nan tun ina saurayi.

A Ƙofar Mazugal na tarar da Ɗanlami da akori-kurar da muka yi shata. Muka ɗaure kekuna a baya, shida saura kwata muka ɗauki hanyar Zariya, Rano muka nufa, tafiyar kusan kilomita sittin.

Tamburawa zuwa Bunkure

Shida da ashirin muka tsaya a shingen 'yan sanda kusa da gadar Tamburawa. Wani ya leƙa baya, ya danna keken Ɗanlami ya ga ya lotsa, ya danna nawa ya ji ƙyam. Ya ce, "Na wane ne wannan mai taurin kan?"

Na ce, "Nawa ne, yallaɓai."

Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Ɗanlami bai yi dariya ba, kallona kawai ya yi ta gefen ido.

A Karfi muka karya da shayi da ƙosai, muka saki babban titi muka yi Bunkure. Nan Ɗanlami ya jefo tambayar da na tsana: "Wai Sabo, kilo nawa ne kai?"

Na ce, "Tamanin da biyar, haka."

"A wace shekarar?"

Bai jira amsa ba ya sa direba ya tsaya a wani injin casar shinkafa, ya roƙi mai wurin aron sikelin da suke auna buhuna. Na hau, da jakar baya da gorar ruwa da hular kwano. Ɗari da huɗu. Mai injin ya ce, "Alhaji, ai ka haura buhu." Na sauko na koma mota.

Rano, gidan Alhaji Tukur

Takwas da kwata muka sauka gidan Alhaji Tukur, kawun Ɗanlami, dattijo mai fara'a. Aka shimfiɗa mana tabarma a gindin darbejiya, aka kawo fura da nono mai sanyi. Ban kai ƙarshen kwanon ba Ɗanlami ya sauke kekena ya hau yana dannawa da dukkan ƙarfinsa. Ko gezau.

"Me ka yi masa?"

Sai da na faɗi gaskiya. Ranar da na fara hawansa a unguwa, ina zama ya lotsa a ƙarƙashina, 'yan majalisarmu suka kwashe da dariya, wani ya ce, "Malam Sabo, ko keke ma durƙusa maka yake yi." A wurinmu kuwa keken kirki shi ne wanda za a ɗora wa buhun gero bai nuna ba. Ina shiga gida na ɗauki ɗan famfon da ya zo da shi na ɗura iska har hannuna ya gaji, na kuma murɗa shuɗin makullin da ke hana shi motsi. Wata huɗu ke nan a haka nake hawa.

Ɗanlami ya riƙe baki. "To ai kai ne shokozobar. Duk ramin da ka faɗa, ƙashin bayanka ne ya shanye. Ka zo da tef ɗinka?"

Tela da tef, ai ko masallaci da shi nake zuwa.

Ya buɗe makullin, ya rage iska, ya sa na hau da duk kayana ina dafe da bishiya. A jikin sandar shokozobar akwai wani ɗan zoben roba. Ya tura shi sama, ya ce in zauna yadda na saba, kada in yi tsalle, sannan in sauka a hankali. Inda zoben ya tsaya, nan ne iyakar lotsawar keke da nauyina. Sandar baya inci biyu ce, ya ce yana son ta shige kusan kashi ɗaya cikin uku. Na auna: inci ɗaya cur. Ya yi yawa. Muka ƙara iska, na sake hawa.

"Sabo, saki jikinka. Kana ɗage nauyi da hannu."

Kunya ta kama ni. Kullum faɗan da nake yi da masu kawo ɗinki ke nan, su tsuke tumbi lokacin awo, riga ta fito ta matse su, su ce tela ne bai iya ba. Na saki jiki. A karo na huɗu zoben ya tsaya a rabin inci da ɗan ɗori. Sandar gaba kuma, mai inci biyar, muka bar ta tana shiga inci ɗaya da kwata. Na ce me ya sa nasa ya fi nawa tauri alhali bai kai ni nauyi ba? Ya ce shi a tsaye yake hawa, yana dira daga kan duwatsu, ni kuwa mai zama ne a sirdi, tafiyar dattawa nake yi, laushi ya fi dacewa da ni.

Hanyar Rurum

Goma daidai muka hau, ta wani burtali mai tsakuwa da ke bi ta gindin duwatsu. A kwazazzabon farko keken ya lotsa lafiya, amma wajen dawowa ya cilla ni sama kamar jakin da ya yi tutsu. Da ƙyar na riƙe birki. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, Hajiya ta yi nasara.

Ɗanlami ya juyo ya duƙa kan wani jan maɓalli. Ya ce wannan ne ke tsara saurin miƙewarsa bayan ya lotsa, kuma tunda nauyina ya sa iskar da ke ciki tana da yawa, dole a ja masa linzami. Ya murɗa ƙas, ƙas, ƙas, ya ce in koma in sake bi. Sau uku ina bin kwazazzabon nan, wasu mata masu tallar nono suna tsaye suna kallon ikon Allah. A na ukun na wuce ban san na wuce ba.

Daga nan sai daɗi. Kilomita goma sha takwas muka yi, hawa da gangara, ina jin duwatsu suna wucewa a ƙasa ba sa isowa gare ni. A wata gangara har na kama kaina ina waƙa. Mun yi azahar a Rurum, muka ci ɗanwake da mai da yaji, biyar saura muka komo gidan Alhaji Tukur. Tuwon dawa da miyar kuka aka yi mana, muka kwana a ɗakin baƙi. Cinyoyina sun yi tsami, wannan ba na musu. Baya kuwa shiru.

Komawa gida

Lahadi bayan la'asar akori-kura ta dawo ɗaukarmu, muka shigo gari ana kiran magariba. Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Alhaji Tukur da iyalinsa, da Ɗanlami wanda har yau bai faɗa wa 'yan majalisa abin da sikeli ya nuna ba.

Jam'i ya wuce ni, don haka a tsakar gida na tayar da sallah. Hajiya ta yi mini sannu da zuwa, ta ja kujera ta zauna tana tsince shinkafa, na kuwa san ba shinkafar take kallo ba. Na yi ruku'u, na yi sujada, na miƙe tsaye ban dafa ƙasa ba. Raka'a uku haka.

Da na sallame sai na ji ana jan abu a zaure. Na leƙa, na gan ta tana gangara da tsohon turminta gefe.

"Shigo da keken nan," in ji ta. "Waje akwai raɓa."