Ƙarin Gindin Kunnen Inna

Shekara uku Innarmu tana ɓoye ƙarin da ya fito mata a gindin kunnen dama. Ɗankwali take ja ta rufe shi, in ka yi magana ta ce tunda ba ciwo yake ba, ina ruwan wani. Mace ce da ta tsufa tana sarin barkono a kasuwar Gashua, ba a juya ta. Sai da abin ya kai ƙwan zabuwa muka taru muka yi mata caa, ni babbar 'yarta aka ɗora wa kai ta asibiti a Nguru.

Likita ya lalluba wurin, ya ce ciro ƙarin ba wuya. Wuyar tana ga wata siririyar jijiya da ta ratsa daidai nan, wadda ke motsa rabin fuska. In wuƙa ta shafe ta, baki ya karkace, ido ya ƙi rufuwa, kuma ba lalle su dawo daidai ba. Saboda haka ba zai yanka ba sai an yi hoton da zai nuna masa inda ƙarin ya kwanta, saman jijiyar ko ƙarƙashinta.

Da muka fito, Inna ta dube ni. "Ke, ni mutuwa ba ta ba ni tsoro," in ji ta. "Amma a ce ina shan koko yana zubo mini ta gefen baki, jikokina suna kallo?" Ban taɓa jin muryarta ta yi rawa ba sai ranar.

Kano aka tura mu yin hoton. Injin ba ya shiri da ƙarfe, don haka aka sa ta cire 'yan kunne da zobe, ta cire tana mita. Sai wata ma'aikaciya ta miƙo auduga ta ce a goge kwalli, wai shi ma yana ɓata hoton. Nan aka yi ta. Inna ta ce tun tana budurwa ko mahaifinmu bai taɓa ganin idonta ba kwalli ba, kuma kunne aka zo dubawa, me ya kawo ido? Na lallaɓa, na yi faɗa, har na ce mu koma Gashua a bar ƙarin ya kai kabewa. Da ƙyar ta yarda, bisa sharaɗin in juya baya.

Da muka koma Nguru, likita ya ɗaga hoton a jikin fitila. Ni dai toka-toka kawai na gani. Ya ce jijiyar ta yi sirantar da ba ta fitowa sosai, amma ga wata jijiyar jini da suke tafiya tare, da ita yake gane hanya. Ƙarin yana daga sama. Inna ta ce, "To, ɗan nan, tunda ka ga hanya, kada ka ratse."

Ranar Talata da hantsi aka yi aikin. Da ta farfaɗo, an naɗe mata kai da bandeji, fuskar ta kumbura, na kasa gane ko ta karkace ko ba ta karkace ba. Likita ya shigo ya tsaya a kanta, yana so ya ga leɓɓanta sun motsa.

"Hajiya, ɗan yi mini fito."

"Fito?" in ji Inna, murya a dashe. "Ni? Da girmana? A gidanku mata suna fito?"

Ta haɗe gira, ta taɓe baki, ta watsa masa harara tun daga sama har ƙasa. Girar dama ta taho tare da ta hagu, leɓen ya taɓu gefe da gefe, ba wanda ya bar wani a baya. Likita ya fashe da dariya, ya ce alhamdu lillahi, ya ga abin da ya zo gani.

Ni kuwa sai hawaye. Inna ta juyo da hararar kaina, ta ce, "Ke kuma wa ya mutu?"