Kunnen Ɗan Fari

Ni fenti bai taɓa ba ni tsoro ba, fensir nake tsoro. Fenti bin sawu kawai yake yi. In zanen fensir ya karkace, ko wace kala ka shafa, fuskar wani ka yi.

Shekarun da naira ta kori fam, ina koyarwa a firamare a Birnin Kudu, ina kuma zana hotunan mutane a kan ƙyalle. Wata Asabar wani makiyayi daga Farin Dutse ya kawo mini hoton wansa, wanda mota ta kashe a hanyar Gwaram. Ɗan hoton fasfo ne, shi ke nan guda ɗaya a duniya, kuma ruwa ya cinye rabin fuskar daga kunci har kunne. Matar mamacin tana da ciki. Ƙanen so yake abin da za ta haifa ya san fuskar ubansa.

Na ja layuka gida-gida a kan ƙyallen, na kwashe rabin da ya tsira daidai wa daida. Ɗaya rabin kuwa na kwaikwayi wanda ya tsira na cike. Da ƙanen ya gani, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Malam, kamar shi, kamar ba shi ba." Na ce daga ina? Ya ce wallahi bai sani ba. Kai, mutumin da kuka sha nono ɗaya! Kwana uku ina gogewa ina sakewa, har wurin ya soma tashin gashi. Gogewa ɗaya ko biyu, ƙyallen zai huje.

"Sai dai Inna," in ji shi. "Amma ɗan farinta ne."

Bafulatana ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa a gaban mutane. Wannan ma kakarsa ce ta goye shi. Ranar da aka kawo gawarsa, an ce ko tari uwar ba ta yi ba.

Duk da haka na ɗaure ƙyallen a bayan babur muka tafi. Mun same ta a gindin tsamiya tana wanke ƙore, mata zagaye da ita. Na jingina zanen a jikin rumbu, na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, a duba mana."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ni me na sani a kansa? Ku tambayi masu shi."

Zuciya ta ɗebe ni. Na ce da ƙarfi, "To shi ke nan, gobe zan sa fenti a haka. In fenti ya hau kuwa, ba gyara." Har yau ina jin kunyar wannan magana.

Sai wata tsohuwa ta miƙe wai za ta rijiya, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, ƙanen ma ya sulale wajen shanu. Na gane. Na juya baya ina taɓa babur ɗin da lafiyarsa ƙalau. Na ji takun Inna har ya tsaya a gaban zanen.

"Wannan kunnen ba na gidan nan ba ne," ta ce, kamar da rumbun take magana. "Samansa a lanƙwashe yake, haka ya zo duniya. Ƙasan idon akwai tabon ƙyanda, kamar ƙwayar gero."

Na matso da fensir, idona a kan ƙyallen. Na goge a hankali ina addu'a, na lanƙwasa kunnen, na ɗiga tabon.

"Ƙasa kaɗan." Na sauko. "Ya isa."

Da ƙanen ya dawo ya kalla, sai ya zauna a ƙasa daɓas, ya rufe fuska da hannun riga. Na ɗauki zanen zan ɗaure a babur, sai ga mayafi an miƙo mini ta gefe, mai shi tana kallon wani wuri.

"Rufe shi, Malam," ta ce. "Rana ta yi zafi."