Facin da Ladan bai yi ba

Ladan ɗan gidan faci ne. Mahaifinsa ya daɗe a bakin tashar Azare yana liƙe tayoyin masu babur da ke zuwa garin Chinade, shi ma a nan ya tashi, hannu duk gam. Da ya je Kano ya koyo kwamfuta ya dawo, mutanen layinmu suka ƙi sakin sunan, har gobe Ladan mai faci ake ce masa. Shi kuwa ba ya musu. Ladan bai iya musu ba, kuma wannan ne babban ciwonsa.

Ni tela ce. Shagona na jikin shagon intanet ɗin da yake kula da shi, katako ne kawai a tsakaninmu, ko tari ya yi ina ji. A shekarar 2007 shagunan intanet ba su da yawa a gari, sai mutum ya taso tun daga Gadau don ya cike takardar makaranta. Kwamfutocin suna jere a waje, amma akwai wata babba a ƙuryar ɗaki da Ladan ke kira saba. Duk abin da ya sauko daga farantin tauraron ɗan'adam da ke kan rufi ta cikinta yake bi kafin ya isa ga sauran. In ta tsaya, shago ya tsaya.

Wata rana na leƙa karɓar almakashina, na tarar ya zuba wa fuskar sabar ido kamar wanda aka yi wa mutuwa. Ya ce mutanen Kano da suka haɗa musu farantin ne suka turo gargaɗi. An gano wata kafa a manhajar sabar. Duk wanda ya san kafar, ko daga wace ƙasa yake, zai iya turo mata saƙonnin banza har ta shaƙe ta daina amsa kowa.

"Me zai sata?" na tambaye shi.

"Ba sata ba ce, Yaya Baturiya. Hana mutane aiki ne kawai."

"To Allah ya shirya masu wannan sana'a. Maganin fa?"

Ya ce sun turo gyaran, kuma abin dariya su ma faci suke kiransa da Turancinsu. Ya riga ya sauke shi. Abin da ya rage a kashe sabar na ɗan lokaci, a saka, a sake kunnawa. Na ce to ɗan mai faci, gado ya biyo ka har cikin kwamfuta, sai ka yi. Ya ce gobe.

Matsalar ita ce Alhaji Babayo, kawun mai shagon. Ɗan Alhajin na karatu a ƙasar waje, shi kuma ya gano cewa ƙuryar ɗakin nan ta fi ko'ina sanyi, kujerarta ma mai hannu ce. Kullum bayan azahar, daidai lokacin da mutane ke raguwa a shago, sai ya zo ya zauna gaban sabar, Ladan na rubuta masa saƙo zuwa ga ɗan nasa, shi kuma yana gyara masa gaisuwa. Da safe layi ne har bakin ƙofata, don lokacin cike takardun makarantu ne. Ana kiran magariba kuma mai shago ya kashe janareta ya tafi da makulli. To wa zai ce wa dattijo, "Alhaji, tashi zan kashe"? Ni da zan iya. Ladan kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, sai me za a rubuta?"

Ban ɗora wa Alhaji laifi ba, don ko sau ɗaya ba a gaya masa ba. Ladan ma daga baya ya ce min ba kunya kaɗai ba ce. Yana tsoron ya saka facin sabar ta ƙi tashi, kuma duk Azare babu wanda zai kira. Gobe ta fi masa sauƙi, sai ya yi ta cewa goben.

A ranar ƙarshe ta rajistar wata makarantar ungozoma, Malam Yakubu ya iso daga Udubo da 'yarsa Saliha. Makiyayi ne mai noma kaɗan, dogo, mai magana a hankali. Yarinyar ta gama sakandare da sakamako mai kyau. A shagona suka jira layi, a nan uban ya gaya min cewa in kaka ta wuce zai tashi da iyalinsa da shanunsa gaba ɗaya su yi kudu, kiwo ya yi wuya a wajensu. In Saliha ta samu makaranta, zai bar ta gidan gwaggonta a Azare. In ba ta samu ba, da ita za a tafi.

Layi ya zo kanta bayan la'asar. Ladan ya rubuta sunanta, ya saka hotonta, yana cikin shigar da darussa sai shafin ya tsaya cak. Ya sake gwadawa, shiru. Duk kwamfutocin shagon suka yi tsit, ɗalibai suka fara tsaki. Ya ruga ƙurya ya kashe sabar ya kunna, ta tashi, kafin ya dawo kujera ta sake shaƙewa. Wani can, wanda bai san Azare ba balle Saliha, ya samu kafar. Ladan ya yi ƙoƙarin saka facin a lokacin, amma cikin gaggawa ya yi kuskure, ya koma farko. Na ce wa Malam Yakubu su gwada ɗaya shagon na wajen kasuwa, suka je suka tarar da layi har titi, suka dawo. Kafin sabar ta miƙe sosai, makarantar ta rufe shafinta.

Abin da ya fi cin Ladan shi ne babu wanda ya zarge shi. Kowa cewa yake, "Netwok ne." Mai shago ya faɗa, ɗalibai suka faɗa, Alhaji Babayo ma da ya ji labari ya ce ai netwok ba shi da tabbas. Malam Yakubu har godiya ya yi masa, ya ce ya ga yadda gumi ya jiƙa masa riga saboda 'yarsa.

Daga ranar Ladan ya canza. Gargaɗi na isowa daga Kano zai miƙe ya ce kowa ya ɗaga hannu daga kwamfuta, ko waye. Ya sa sakata a ƙofar ƙurya, ya fito wa Alhaji da kujerar mai hannu waje. Mutane suka ce Ladan ya fara girman kai. Ni na san ba shi ba ne. Ya rame, ya daina shigowa shagona cin gyaɗa, in na tsokane shi sai ya yi murmushin dole. Haushinsa nake ji, tausayinsa kuma ya fi haushin.

Bayan kaka sai ga Malam Yakubu da Saliha, sun zo sallama. Uban na riƙe da 'yar ƙwarya cike da man shanu, an rufe ta da faifai. Ya ce, "Malam Ladan, ga wannan, ba yawa. Kai ka tsaya mana ranar nan."

Ladan bai miƙa hannu ba. Ya ce, "Baba, ba netwok ba ne."

Dattijon ya dube shi, Ladan ya ci gaba.

"Waccan kwamfutar ta ƙurya ita ce uwar garken. An aiko min cewa ciwo na zuwa, aka aiko da rigakafin tun kafin ku zo. Ban yi mata ba."

Na ɗauka ba zai gane ba. Ashe ba a yi wa makiyayi wannan bayanin sau biyu. Sai ya tambaye shi:

"Maganin yana hannunka?"

"Yana hannuna, Baba."

Saliha ta juya ta kalli titi, ta ja bakin mayafinta ta rufe baki. Malam Yakubu ya sunkuya a hankali ya ajiye ƙwaryar a kan benci kusa da Ladan.

"An riga an kawo," in ji shi. "Ba a mayar da shi gida."

Ya yi wa 'yarsa magana da Fulatanci, ta bi bayansa suka nufi tasha.