Bikin da Kawu Ya Raba Biyu

Shekaranjiya maƙwabcinmu yana sauke kujerun ƙarfe masu naɗewa daga bayan motarsa, yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya a kan ciyawar ƙofar gidansa. Ƙarar ta shigo mini ta tagar kicin, sai na ajiye wuƙar da nake yanka albasa da ita. Ban sani ba ko kai ma, mai karatu, kana da wata ƙara da take mayar da kai yarinta ba sallama. Tawa ke nan. Ita ce ƙarar watan Mayun da na fara karɓar Jibin Ubangiji, wato tsarkakakkiyar gurasar da ake bayarwa a coci, ina shekara takwas, a gidan kawuna da ke gabashin Greensboro.

Mu Hausawa ne 'yan Katolika, daga wani ƙauye a ƙasar Kafur. A can wannan ba abin labari ba ne. A nan kuwa, kusan duk wanda ka ji yana Hausa a kantin kayan Afirka musulmi ne, yawanci mutanen Nijar. Ni da Mama da Kaka muna zaune a gidan Kawu, yayan Mama. Baba yana gida yana jiran takardunsa, kuma Kawu ne ya tsaya masa. Mama tana aiki a gidan kula da tsofaffi, ta fita da safe ta dawo ƙafafu a kumbure.

Kawu mutum ne mai tumbi da murya. In yana gida, ko kyanwa ba ta isa ta ratsa falo ba. Amma da wayar Alhaji ta shigo, sai ya miƙe tsaye ya amsa, har da rusunawa, kamar mutumin yana ganinsa. Alhajin nan ɗan Maraɗi ne, shi ne babba a cikin masu sayen tsofaffin motoci suna turawa Kwatano, Kawu kuma yana cin abinci a ƙarƙashinsa. Kawu bai taɓa cewa shi musulmi ne ba, wannan kam zan shaide shi. Sai dai shekara tara yana barin su Alhaji suna zato. Sunansa irin wanda ake ji a masallaci ne, a kuma ji shi a coci. Kowace Juma'a da azahar yana da abin da yake kira appointment. Ranar Lahadi kuwa Misar ƙarfe bakwai muke zuwa, a cocin da ya fi nisa da unguwarmu, ya kuma ajiye mota can baya kusa da kwandon shara.

Kaka ce ta fara shirin bikina tun cikin azumin kwana arba'in. Aka aiko mata da farin leshi daga gida, ta zauna gaban keken ɗinki a bakin taga tana aikin rigata. Lokacin ne itatuwan garin nan suke zubar da garin fure rawaya, ya lulluɓe motoci da dakalin gida, kowa yana atishawa. Kaka tana atishawa, tana ɗinki, tana koya mini addu'o'i da Hausa, don ta ce waɗanda ake koya mana a coci da Turanci ba su da gishiri. Da ranar ta matso, ta jiƙa gero don kunun zaki. Ta fito da tandar masa da ta ɗauko a akwatinta tun daga ƙauye, ta shafe ta da mai. Ta ba ni labarin tata ranar: Fada, wato limamin coci, yana zuwa ƙauyensu a kan babur sau ɗaya a wata uku, babanta ya yanka zakara guda, ita kuma ta tsaya ba takalmi a cikin farar rigar da 'yan mata huɗu suka riga ta sawa.

Abin ya lalace ne a kan kujeru. Kawu ya je aron a-kori-kurar Alhaji don ya ɗauko su, Alhaji ya tambaye shi wane sha'ani ake yi. Da ya ce masa taron iyali ne, da shi ke nan. Amma bakin da ya saba da kewaye-kewaye ba ya iya miƙe hanya. Ya ce bikin ranar haihuwar 'yar ƙanwarsa ne. Alhaji ya ce madalla, za su zo da iyalinsa da abokan sana'a.

Ran Lahadi da la'asar, saura mako guda biki, Kawu ya tara mu a falo, riƙe da takarda, kamar mai karanta wasiyya. Mutanen coci su zo ƙarfe ɗaya, ƙarfe huɗu a ga bayansu. Su Alhaji ƙarfe biyar. Kek biyu za a saya, ɗaya mai gicciye, ɗaya mai kyandir takwas. A tsakani a sauke gicciyen bangon falo, ni kuma in tuɓe farar riga in sa wata.

Ya dube ni. "In an tambaye ki, birthday ɗinki ne. Kin ji ko?"

A watan Janairu aka haife ni. Na dubi Mama, Mama ta dubi ƙafafunta. Ba na ganin laifinta. Wanda yake kwana a ɗakin wani, takardun mijinsa kuma suna hannun wanin, ba ya tsawon harshe. Kaka ce ta yi magana, ba ta ko ɗaga kai daga bakin rigar da take ƙarasawa ba.

"Ubanku ya yi shekara talatin yana buga ƙarfen coci da asuba. Bai taɓa naɗe shi da tsumma don kada maƙwabta su ji ba."

"Iya, nan Amurka ce," in ji Kawu. "Ba ki gane business ba."

Ranar Asabar na yi furta zunubi na farko. Na kwashe 'yan laifuffukana na yara na zube wa Fada, na fito jikina sakayau. Da yamma Kaka tana mini kitso, kaina a kan cinyarta, na tambaye ta ko abin da Kawu ya ce in faɗa zunubi ne. Ta amsa tana tsaga gashina.

"Kawunki ne, ba zan ce ki ƙi maganarsa ba. Amma ba zan ce miki gaskiya ce ba."

Washegari, a Misar ƙarfe goma sha ɗaya, na tsaya a layi da sauran yara, na karɓa. Na tuna yadda gurasar ta manne mini a dasashi, da yadda na ji tsoron taɓa ta da haƙori. Na waiwaya na ga Kaka tana goge ido da gefen mayafinta.

A gida, ƙamshin masa da miyan taushe ya cika ko'ina. Matan coci suka zo, 'yan Najeriya da 'yan Gana, da baturiyar da ta koya mana katekizim, wato darasin addini, suna ɗaukata hoto, suna waƙa. Kawu kuwa idonsa yana kan agogo. Tun ƙarfe uku da rabi ya fara naɗe kujeru, har wata tsohuwa ta tashi ɗiban kunu ta dawo ta tarar da tata jingine da bango. Ya riƙa ƙunsa wa mutane abinci yana raka su mota, yana godiya irin ta wanda yake kora. Da na ƙarshe ya fita, ƙaton mutumin nan ya taka kujera, yana nishi, ya sauke gicciyen ya ɓoye shi a saman firji. Sai ga fentin bangon ya tona masa asiri: wurin ya fi ko'ina haske, siffar gicciyen tana nan zane sak. Ya tsaya yana kallo, gumi yana bin wuyansa. Daga ƙarshe ya ɗauko balan-balan ya liƙa a kai. Har yau in na ji an kira wani jarumi, sai in tuna Kawu a kan kujera yana fama da salatif.

Kaka ta ƙi taɓa rigata. Mama ce ta tuɓe mini ita, ta sa mini wata ruwan hoda.

Ƙarfe biyar su Alhaji suka iso. Matarsa, Hajiya, ta rungume ni, turarenta ya cika mini hanci, ta ba ni 'yar tsana. Ta ce, "Yau ne ranar haihuwar taki, 'yata?" Na hangi Kawu yana gyaɗa mini kai. Na ce, "E, Hajiya." Ta sa mini albarka. Awa shida ke nan da na karɓi Jibin Ubangiji.

Abin da Kawu bai rubuta a takardarsa ba shi ne Fada. Fadan namu ɗan Najeriya ne, a Sabon Garin Zariya ya tashi, Hausarsa ta cikin kasuwa ce. Gidajen yara huɗu ya bi ranar, namu ne na ƙarshe. Ana shirin kunna kyandir ya turo ƙofa, baƙar riga da farar kwala a wuya.

"Salamu alaikum, masu gida! Ina yarinyar da ta karɓi Jibin Ubangiji yau?"

Kawu, ashana a hannu, ya buɗe baki ya ce, "A'a... wannan maƙwabcinmu ne."

Alhaji ya ajiye kofinsa, ya miƙe, ya ba Fada hannu, ya kuma ba shi kujerarsa. Sannan ya juya ga Kawu, murya ƙasa-ƙasa.

"Bon. Mu mun daɗe da sani. Ƙanena tasi yake ja, kowace Lahadi yana ganin motarka a bayan coci. Na ce a ƙyale ka, wataƙila kana da dalili. Amma yarinya? Ka sa yarinya ta dubi idon Hajiya, sa'ar uwarta, ta yi mata ƙarya?"

Hajiya ta ce a Yamai maƙwabtanta kiristoci ne, ta san bikin, ta sha cin abincinsa. "Ina farar rigar? Ai ita muka cancanci gani."

Kaka ta tashi, ba gaggawa. Ta ɗauko rigar, ta sa mini a tsakiyar falo, ta gyara mini mayafi. Ba zan ce maka kowa ya ji daɗi ba. Wani matashi cikin abokan sana'ar ya zura takalminsa ya fita bai taɓa abinci ba. Sauran suka ci masa har tanda ta huce. Kawu ya shige banɗaki ya daɗe.

Alhaji bai daina gaisawa da Kawu ba, amma kafin sanyi ya shigo ya nemi wani abokin aiki. Hajiya ta gaya wa Mama abin da ya ce: wanda ya iya ɓoye Ubangijinsa shekara tara, me zai hana shi ɓoye ɓacin injin mota? Kawu kuwa ya bi matan coci ɗaya bayan ɗaya, har da tsohuwar da ya janye wa kujera, yana gaya musu an kore shi ne saboda addininsa. Wasu suka yi masa addu'a. Ni kuma Asabar ɗin da ta biyo bayan bikin na koma gaban Fada da zunubin da aka ɗora mini a kai kamar tallan wani.

Kaka ta rasu shekaru da dama da suka wuce. Bana 'yata ce take shirin karɓa. Ita ta rubuta sunayen baƙinta da kanta, rabinsu 'yan ajinsu ne masu ɗaura hijabi, kuma ko a ranta bai zo ba cewa akwai abin ɓoyewa. Yaran yanzu ba su iya Hausa kamar mu ba, suna amsa mana da Turanci, amma wannan tsoron bai bi su ba, kuma ban yi kewarsa ba.

Kawu ya tsufa. Yanzu a layin gaba yake zama a coci, muryarsa ta fi ta kowa a waƙa. In an taru, yakan ba da labarin bikina, yadda shi da kansa ya gayyato manyan Alhazai gidansa don su ga shaidar bangaskiya. Jikoki suna sauraro baki buɗe. Ni kuwa in zuba masa kunu, in durƙusa in miƙa masa da hannu biyu, in ce, "Haka aka yi, Kawu?" Ya ce, "Haka aka yi, 'yata." An hore mu kada mu ƙaryata babba a gaban mutane, kuma ban taɓa yi ba. Amma babu wanda ya taɓa ce mini dole in ga girmansa.